Zamosc: garin da mutum ɗaya ya zana, danginsa suka riƙe shekara 241

A kudu maso gabashin Polan, tafiyar kamar kilomita 250 daga Warso, ba nisa da iyakar Yukren, akwai wani gari mai suna Zamosc. Mutanensa a yau wajen 60,000 ne, amma tsohon garin da ke cikin ganuwa ɗan mitsitsi ne, mai tafiya a ƙasa zai ratsa shi daga wannan ƙofa zuwa waccan kafin shayinsa ya huce. A tsakiya akwai dandalin kasuwa mai kusurwa huɗu, mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Gidajen da suka kewaye shi duk suna da rumfa mai bakan gizo a gaba, ta yadda mai cefane zai bi shago-shago ruwan sama bai taɓa shi ba. A gefen arewa ga ginin hukumar gari da hasumiyarsa mai tsayin mita 52, a kusa da shi kuma ga jerin gidajen fataken Armeniya, wannan kore, wancan rawaya, na gaba ja, na bayansa shuɗi, an yi wa fuskokinsu ado da zanen furanni da zakuna.

Galibin garuruwan duniya tsirowa suke yi. Maharbi ya sauka gindin tsamiya, wani ya haƙa rijiya, fatake su mai da wurin zango, kasuwa ta kafu, can daga baya a ja ganuwa. Shi Zamosc an zana shi ne a takarda tun babu ko tubali ɗaya a wurin, kuma wanda ya sa aka zana ba sarki ba ne. Mutum ɗaya ne ya gina shi a kan ƙasarsa, da kuɗinsa, ya raɗa masa sunan ƙauyen da zuriyarsu ta samo sunanta, wanda ma'anarsa ita ce ƙetaren gada. Daga 1580 har 1821 garin sukutum, da kasuwarsa da kotunsa da makarantarsa da sojojinsa, dukiyar gida ɗaya ce. Abin tambaya shi ne yadda hakan ta yiwu, da kuma abin da ya hana magada su yayyaga shi.

Sunan mutumin Jan Zamoyski, an haife shi a 1542. Gidansu na masu asali ne, ajin da Polawa ke kira szlachta, amma ba a cikin manyan attajiran ajin suke ba, ƙauyukan da ya gada ba su da yawa. Ilimi ne jarinsa na farko. Ya yi karatu a Faransa, ya wuce jami'ar Padua a Italiya, inda ɗaliban shari'a suka zaɓe shi shugabansu a 1563. Da ya dawo gida sai ya zama magatakardan Sarki Sigismund Augustus, aka ba shi aikin tsara takardun masarauta. Aiki ne da ake rainawa, amma wanda ya zauna ya karanta takardun filaye da na haraji na ƙasa baki ɗaya ya san inda kowa ya binne tukunyarsa.

A 1572 sarkin ya rasu bai bar magaji ba, kuma tun 1569 Polan da Lituwaniya sun haɗe sun zama ƙasa ɗaya mai faɗin gaske. Sai aka rasa wa zai naɗa sabon sarki. Manyan gidaje na so su zama su kaɗai ne masu zaɓen sarki. Zamoyski ya tsaya tare da ƙananan masu asali, cewa kowane ɗan szlachta, ko da gonarsa ba ta fi ta talaka ba, yana da ƙuri'a ɗaya, ya hau dokinsa ya zo filin zaɓe da kansa. Ra'ayin da ya yi rinjaye ke nan, shi kuma ya zama gwarzon ƙanana. Sarkin farko da aka zaɓa, Henri ɗan sarautar Faransa, ya sulale ya gudu gida a 1574. Na biyu, Stefan Batory, shi ya ɗaga Zamoyski sama: waziri a 1578, babban sarkin yaƙi a 1581, sannan ya aurar masa da 'yar ɗan'uwansa. A Polan ta wancan zamani sarki ba ya biyan manyan bayinsa da albashi, filayen masarauta yake ba su su ci amfaninsu har mutuwa. Da kuɗin waɗannan filaye Zamoyski ya riƙa sayen nasa na kansa. Ya mutu a 1605 yana da garuruwa 11 da ƙauyuka fiye da 200 mallakinsa, ban da na sarki da ke hannunsa. Wanda ya fara da yaƙar manyan gidaje ya ƙare shi ne uban manyan gidaje.

Mallakar gari ba baƙon abu ba ne a Polan ta wancan zamani. Garuruwa iri uku ne: na sarki, na coci, da na masu asali, kuma na masu asalin sun fi yawa. Mai ƙasa zai nemi takardar izini daga sarki, ya yanka filaye, ya kira masu sana'a da 'yan kasuwa su zauna, su kafa majalisarsu da alƙalansu bisa tsarin da aka aro daga birnin Magdeburg na Jamus. Amma ƙasar da gidajensu ke kai tasa ce, kuɗin haya da na kasuwa nasa ne, in an ɗaukaka ƙara kuma gabansa za a zo. Yawancin irin waɗannan garuruwa ba su wuce kasuwar ƙauye da aka yi wa laƙabin birni ba. Zamoyski ya ɗauki abin da kowa ke yi ya kai shi inda ba wanda ya taɓa kaiwa.

A 1578 ya ƙulla yarjejeniya da wani Ba'italiye masanin zanen gine-gine, Bernardo Morando, a watan Afrilun 1580 kuma ya fitar da takardar kafa gari. Tsarin ya bi tunanin masanan Italiya na lokacin, waɗanda ke ganin gari nagari kamar jikin mutum yake. Fadar maigida ita ce kai, a yamma. Babban titin da ya taso daga ƙofar fada ya ratsa kasuwa shi ne ƙashin baya. Babbar majami'a a gefe ɗaya, makaranta a ɗaya gefen. Ginin hukumar gari ma, wanda a sauran garuruwan Polan yakan zauna a tsakiyar dandali, an tura shi gefe, hanyar da ta miƙe zuwa fada ta zauna a buɗe. Ko baƙo ya shigo ba sai an gaya masa wa ke da gari ba. Aka kewaye duka da ganuwa mai kusurwoyi bakwai masu tsini kamar bakin mashi, inda ake girke igwa, da tafki da fadama a kudu da yamma.

Gini ba ya zama gari sai da mutane, kuma a nan lissafin maigidan ya fito fili. Wurin yana kan hanyar fatake da ta taso daga Bahar Aswad ta bi ta Lviv ta nufi Lublin da Tekun Baltik. Ya samo wa garin izinin cin manyan kasuwanni uku a shekara, da dokar da ta tilasta wa fatake masu wucewa su sauke kaya su baje kolinsu kafin su ci gaba. Ya yafe wa sababbin mazauna haraji na shekara 25. Takardar farko ta ce Katolika kawai za su zauna. Ba a je ko'ina ba aka sassauta: Armeniyawa suka samu izini a 1585, Yahudawa a 1588, Girkawa a 1589, kowa da unguwarsa da wurin ibadarsa da shugabanninsa. Ana yawan kawo wannan a matsayin shaidar haƙuri da addinin wani, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a duba su wa aka kira. Armeniyawa su ne ke riƙe da cinikin dardumai da yadudduka da fatu daga Farisa da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Yahudawan da aka ba izini kuwa ba na ƙauyukan kusa ba ne, waɗanda kakanninsu suka fito daga Andalus ne, masu 'yan'uwa da abokan ciniki a Santambul da Benis. Na kusa sai daga baya suka shigo. Ni dai ina ganin jari aka gayyata, addinin masu jarin ya biyo su. Lissafin kuma ya ci, domin ƙidayar 1591 ta samu gidaje 217 a tsaye, filaye 26 kacal suka rage babu gini.

A 1594 ya ƙara da makarantar gaba da sakandare, wadda ta buɗe a shekara mai zuwa, ta uku irinta a ƙasar bayan ta Krakow da ta Vilnius. A takardar kafa ta ne aka rubuta maganar da har gobe 'yan makarantar Polan ke haddacewa, cewa yadda aka tarbiyyantar da matasa haka ƙasa za ta kasance.

To, daga ina kuɗin? Daga gandu. Ƙarni na 16 lokaci ne da Yammacin Turai ke neman hatsi ido rufe, masu ƙasa a Polan kuma suka mai da filayensu manyan gandaye. Dokar 1496 ta taƙaita wa manomi barin ƙauyen ubangidansa, ta kuma hana mutanen birni sayen gonaki. Ta 1520 ta wajabta wa manomi aikin gandu aƙalla kwana ɗaya a mako ba lada, kwanakin kuma suka yi ta ƙaruwa har suka kai uku ko fiye a wurare da yawa. Ana loda hatsin a kwale-kwale a kogin San, ya gangara Vistula, ya isa tashar Gdansk, daga nan jiragen ruwa su kwasa zuwa Amsterdam. Bafataken da ya zo daga wata uwa duniya an yafe masa haraji, manomin da aka haifa a bayan ganuwa ba shi da ikon ko tashi daga ƙauyensu. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Duk wannan da ya watse cikin ƙarni ɗaya ba don dabara guda ba. Mu da muka san rabon gado mun ga yadda gonar kaka takan koma kunya-kunya a hannun jikoki. A Polan ma al'ada ita ce 'ya'ya maza su raba ƙasar uba, gidan da ya yi tashe yau jikokinsa su wayi gari kowa da ɗan ƙauye ɗaya. Zamoyski ya toshe wannan ƙofa a 1589 da wani tsari da suke kira ordynacja, majalisar dokokin ƙasa, wato Sejm, ta amince da shi a 1590. Ya ware garin Zamosc da wasu garuruwa da ƙauyuka masu yawa ya ɗaure su wuri guda: ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a kyauta, ba a rabawa. Babban ɗa namiji shi kaɗai zai gaje su, ƙannensa su nemi rabonsu a dukiyar da ke wajen ɗaurin, mata a sallame su da gara. In maza suka ƙare a wannan ɗaki, sai a koma wani ɗakin na zuriyar Zamoyski. Mai riƙon kuma yana da nauyi a kansa: gyaran ganuwa, ciyar da sojoji, kula da makaranta da majami'a. Abin ya yi kama da waƙafin iyali, sai dai shi waƙafi amfaninsa kan zagaya dangi, wannan kuwa mutum ɗaya ke ci a kowane zamani, kuma shi ma riƙo aka ba shi. Gidan Radziwill sun riga shi yin irin wannan a 1586, amma na Zamoyski ya zama wanda ake buga misali da shi. Wani abin lura, lokacin da ya yi wannan tanadi ba shi da ɗa namiji ko ɗaya. Sai a 1594 matarsa ta huɗu ta haifa masa Tomasz, wanda yana ɗan shekara 11 uban ya rasu.

Ɗan Tomasz, shi ma Jan, shi ya gwada ganuwar, mutuwarsa kuma ta gwada dokar. A 1648 Bohdan Khmelnytsky, madugun tawayen Kosak na Yukren, ya zo da rundunar Kosak da Tatar ya yi wa garin ƙawanya. Mutanen karkara suka tuttuɗo cikin ganuwa, cuta ta kashe da yawa, amma garin bai faɗi ba, aka biya fansa maharan suka janye. A 1655 Suwidin ta mamaye Polan, Warso ta faɗi, Krakow ta faɗi, sarki ya tsere ƙetare, manyan gidaje da dama suka yi mubaya'a. A farkon 1656 Sarki Karl Gustav na Suwidin ya iso ƙofar Zamosc da kansa, ya yi luguden igwa, ya aika da manzanni, maigidan ya ƙi buɗewa. Laƙabin da tarihi ya san maigidan da shi, Sobiepan, ma'anarsa mai ikon kansa. Polawa na alfahari da wannan tsayuwa, kuma sun yi gaskiya. Sai dai laƙabin nan yana faɗin wani abu da ya fi jarumtar mutum ɗaya: a ƙasar, buɗe ƙofar babban sansani ko rufe ta shawarar maigida ce, ba ta sarki ba. Wannan ya rufe, wasu sun buɗe.

Sobiepan ya mutu a 1665 bai bar ɗa ba. Matarsa Bafaranshiya, Marie Casimire, ta auri Jan Sobieski, wanda daga baya ya zama sarkin Polan, in da a lissafinmu ne ko takaba ba ta gama ba. 'Yar'uwar mamacin, Gryzelda, ta kama garin ta riƙe, ga shi kuma ɗanta Michal ya zama sarkin Polan a 1669. Ɗan ɗaya 'yar'uwar, daga gidan Koniecpolski, shi ma ya ce da rabonsa. A wancan ɓangaren kuma ga wani Marcin Zamoyski, daga wani ɗaki na nesa marar ƙarfi, ba shi da komai sai takardar 1589. Aka kwashe shekaru ana ja, har Sejm ta ba shi gaskiya a 1674, ya karɓi dukiyar a 1676. Takarda ta kayar da dangin sarki. Daga wannan Marcin ne duk masu riƙon da suka biyo baya suka fito.

Abin da ya tsare gidan bai tsare ƙasar ba. Polan ta cika da irin waɗannan ƙananan dauloli, kowane babban gida da sojojinsa da kotunsa da ƙananan masu asali da ke ci a ƙofarsa suna jefa ƙuri'a yadda ya ce. Daga 1652 wakili ɗaya tak kan iya rusa zaman majalisa da cewa bai yarda ba, kuma sayen wakili ɗaya ba ya yi wa babban gida ko jakadan wata ƙasa wuya. Mutanen garuruwa irin Zamosc ba su da murya a siyasar ƙasa. Ko dokar 1791 da ta ba 'yan birni wasu haƙƙoƙi, garuruwan sarki ta shafa. A cikin gidan Zamoyski an samu wanda ya ga ramin. Andrzej Zamoyski, wanda shi ma ya riƙe waziri, ya tsara kundin dokoki da zai rage wa manoma ƙangi, 'yan'uwansa masu asali suka yi fatali da shi a majalisa a 1780. Kafin nan ma maƙwabta sun fara yanka ƙasar suna rabawa tsakaninsu. A rabon 1772 Zamosc ya faɗa hannun Ostiriya, wadda ta rufe makarantar a 1784, zuwa 1795 kuma babu sauran Polan a taswira.

Dangantakar gidan da garin ta yanke a 1821. Yankin yana ƙarƙashin sarkin Rasha a lokacin, gwamnati na son garin ya zama sansanin soja zalla, sai Stanislaw Kostka Zamoyski ya miƙa shi aka ba shi wasu filaye a madadinsa. Iyalin suka ci gaba da riƙe dazuzzuka da gandaye, ofishinsu yana Zwierzyniec, kilomita kamar 30 daga garin. Sojoji suka mai da fadar asibiti, makarantar ta zama bariki, aka kankare adon gine-gine da yawa, aka hana gini a kewayen ganuwa. A 1866 Rasha ta ce sansanin ya tsufa, ta fasa sassan ganuwar. Garin ya zauna a gefe, jirgin ƙasa bai iso shi ba sai lokacin yaƙin duniya na farko. Wannan koma baya shi ya cece shi ta wata fuska, domin a shekarun da biranen Turai ke rushe tsofaffin unguwanni suna kafa masana'antu, babu mai kuɗin da zai rushe Zamosc. Titunan Morando suna nan yadda ya ja su. A wannan garin da aka manta ne aka haifi Rosa Luxemburg, 'yar gwagwarmayar gurguzu, a 1871, wadda ta ƙare rayuwarta tana yaƙar duk wani abu mai kama da mulkin masu dukiya.

Mafi munin abin da ya sami garin ya zo a yaƙin duniya na biyu. Yahudawansa, wajen 12,000 kafin yaƙin, Jamusawan Nazi sun hallaka kusan duk waɗanda suka rage a garin, da yawa a sansanin kisa na Belzec da ke kusa. Sannan Himmler, ɗaya daga manyan shugabannin Nazi, ya zaɓi yankin ya zama wurin gwajin zaunar da Jamusawa a gabas. Daga Nuwamban 1942 zuwa bazarar 1943 aka kori Polawa wajen 110,000 daga ƙauyuka kusan 300, cikinsu yara kimanin 30,000. Wasu aka kai su aikin bauta, wasu Auschwitz, yaran da aka ga kamanninsu sun dace aka ba iyalan Jamusawa. A ɗaya daga ƙauyukan farko da aka kwashe, Skierbieszow, aka haifi Horst Köhler a 1943 a gidan baƙin da aka zaunar, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Jamus. Mai riƙon ordynacja na lokacin, Jan Tomasz Zamoyski, na 16 a jerin, shi da matarsa Roza sun yi ta kai kawo wurin Jamusawa har suka fitar da yara fiye da 400 daga sansanin da aka kafa a Zwierzyniec, suka buɗe musu wuraren jinya.

Wannan bai hana abin da ya biyo baya ba. A watan Satumban 1944 sabuwar gwamnatin 'yan gurguzu ta fitar da dokar ƙwace manyan gonaki, ɗaurin da aka yi a 1589 ya kwance bayan shekara 355. Aka kama Jan Tomasz, aka yanke masa shekara 25, ya fito a 1956. Ya yi tsawon rai har ya ga faɗuwar gurguzu, mutanen yankin suka zaɓe shi sanata a 1991, a 1992 kuma UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ya rasu a 2002.

Ɗansa Marcin ya zama magajin garin Zamosc daga 1990 zuwa 1992, ya dawo a 2002 da ƙuri'ar jama'a kai tsaye. Ofishinsa yana cikin ginin nan mai hasumiya da Jan Zamoyski na farko ya tura gefen dandali don kada ya tare hanyar fada. A zamaninsa, a 2005, aka kafa mutum-mutumin Jan Zamoyski a kan doki a gaban tsohuwar fadar, cika shekara 400 da rasuwarsa. An sake zaɓen Marcin a 2006 da 2010. A 2014 ya sake tsayawa, mutanen gari suka ba wani.